Baba, Na Wuce Abokinka a Bakin Gada

Zuwa ga mahaifina, Malam Haruna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa ta ladabi, irin wadda nake durƙusawa in yi maka a zaure, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin ni'imarSa. Inna tana nan lafiya, sai ciwon gwiwar da ka bar ta da shi. Na san takarda ba ta isa inda kake, amma akwai maganar da ta tsaya mini a wuya, kuma kunyarka nake ji a kanta fiye da ta kowa.

Baba, na dawo Kaduna. Wurin aiki sun ɗauko ni daga Legas, har na sayi 'yar mota, tsohuwa ce amma tana tashi in an lallaɓa ta. Ina zaune a gidanmu na Makera, kullum da safe ina tsallaka gada zuwa ofis a cikin gari.

Kai da keke ka yi naka zuwa aikin. Ina tuna jiniyar masaƙa in ta kaɗa da safe, titin Kakuri ya cika da kekuna har mutum ba ya ganin kwalta. Kana ɗaure ƙafar wando da roba don kada sarƙa ta kama, ka rataya gorar kunu, ka tsaya a ƙofar gidan Baba Bulus, abokin aikinka mutumin Zonkwa, ka kaɗa ƙararrawa sau biyu. Ya fito yana ƙarasa tauna, ya haye baya. Shekara ashirin kana goya shi. Ranar Juma'a shi ke tsaron keken a inuwa har ka fito masallaci, ranar Lahadi kuwa keken nasa ne.

In aka tambaye ka ko ba ka gajiya da goyon ƙaton mutum, sai ka ce, "Keken nan mazauni biyu gare shi, ni kuwa ɗaya nake buƙata."

Daga baya masaƙa ta rufe, gari ya rikice, Baba Bulus ya kwashi iyalinsa ya koma Narayi. Ziyara ta ragu. Amma ranar da muka kai ka makwancinka ya zo, ya tsaya a gefe da hularsa a hannu har aka watse.

Ni kuwa Legas ta koya mini wata tafiyar daban. A can mutum kan bar gida tun kafin assalatu don ya riga cunkoso. Bas ba ta tsayawa sosai, kai da gudu, ita da gudu, sai ka yi tsalle. Wanda Allah Ya ba mota kuma, darasinsa na farko shi ne ya ɗaga gilas, ya kulle ƙofa, kada ya kalli mai ɗaga hannu. Ba mugunta ba ce, Baba. Kowa ya san wani da ya tsaya taimako aka raba shi da wayarsa. Abuja ma na leƙa, na ga ma'aikata suna kwana a Mararraba, da safe masu motar gida su kwashe su a bakin titi, a biya, a sauka, ba wanda ya san sunan wani. A Kano kuwa, kafin ka sauka daga adaidaita sahu ka san unguwar kowa da ra'ayinsa a siyasa. Nan gida har yanzu kwandasta na ihun "Kasuwa! Kasuwa! Saura mutum ɗaya!" alhali bas ɗin wayam. Kowane gari da yadda yake kai mutanensa aiki, ni dai na Legas na ɗauko a jikina.

Wata Talata cikin damina, ana sheƙa ruwa tun asuba. Daf da gada, inda masu Keke Napep ke sauke mutane su sake wata motar, jama'a sun yi cincirindo, basa-basai duk a cike. Na hango wani dogon tsoho da sanda, wata mata ta riƙe masa lema, yana ɗaga hannu ga duk motar da ta zo. Hannuna da kansa ya kai ga maɓallin kulle ƙofa. Sai da na wuce na duba madubi, na ga yadda kafaɗarsa ta dama ta karkace. Baba Bulus ne.

Ba zan yi maka ƙarya ba. Akwai wurin tsayawa. Na ce wa raina na makara, na ce wataƙila ba shi ba ne, na hau gada da kujeru huɗu babu kowa a kai.

Bayan kwana biyu Inna ta ba ni labari, don har yanzu suna waya da matarsa, Mama Saratu. Ashe yanar ido ce ta hana shi gani, ranar ce aka ba shi don a yi masa aiki a asibiti a cikin gari. Kafin su samu mota lokaci ya wuce, aka ɗaga masa sai wani watan. Inna tana ta Allah wadai da masu motar da ba su da imani.

Bai gan ni ba, Baba, idon ba ya gani. Mama Saratu ba ta san motata ba. Da na yi shiru, shi ke nan. Mako guda na yi ina juya abin. Tsorona shi ne in faɗa, mutumin da ya rage mini daga cikin abokanka ya ce lallai Haruna bai bar baya ba.

Ranar Asabar na tafi Narayi. Na same shi a kan benci, rediyo a cinya. Da jin sallamata ya kira sunana. Na durƙusa na faɗa masa komai, ban rage ba. Sannan ya lalubo kaina ya dafa, ya ce da Hausarsa da ka sani, "Ka zo da ƙafanka ka faɗa, magana ya ƙare. Babanka ma ya taɓa zuba ni a kwata saboda akuya, ban fasa hawa ba."

Wannan labarin akuyar ba ka taɓa ba mu shi ba, Malam.

Da ranar asibiti ta zagayo, ƙarfe shida ina ƙofar gidansa. Ban san lokacin da na danna hon sau biyu ba. Na buɗe masa gaba, ya ƙi. Ya ce shi a baya ya saba, ya zauna daidai bayan kujerata, Mama Saratu ta shiga gaba tana dariya.

Aka yi aikin lafiya. Washegari na mayar da shi aka cire bandeji, ya fito yana ƙifta ido yana karanta duk allon da ya gani da ƙarfi. A hanyar dawowa, muna tsakiyar gada, sai ya daina karatun alluna. Can ya sa hannu ya dafa kafaɗata, yadda yake dafa taka in za ku sha kwana. Ya ce, "Shekara ashirin ina kallon wannan ƙeya. Na Haruna ne, sak."

Sai da na gangara gefen titi na tsaya, don ni ne kuma na daina ganin hanya. Na yi kewarka, Baba, irin wadda ban yi ba tun ranar da muka dawo daga maƙabarta.

Yanzu kullum ina rage gudu a bakin gada. Ina da mutanena: wata nas daga Kamazou da wani tela da ke sauka Kasuwa. Inna na ce mini in riƙa lura da wanda zan ɗauka, kuma ina lura. Amma gilas ɗin a sauke yake.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa kowace safiya da ka goyi abokinka ta zame maka nauyi a mizani. Allah Ya ƙara wa Baba Bulus lafiya da hasken ido, Ya zaunar da garinmu lafiya tsallake da tsallake. Amin.

Ɗanka, wanda aka ce ya gaji ƙeyarka,
Nasiru