'Yar Gangara a Gidan Zu

Laraba, 2 ga Janairu, 1974. Sabon Birni.

Illo ya iso yau don Babbar Sallah, da wandon kaki mai guga da takalmi sau-ciki. Ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, amma tun daga tasha yara ke bin sa kamar sun ga Bature. Shekara biyu ke nan yana aiki a gidan zu na birni, inda ake tara namun daji mutane su zo kallo. Illo fa! Wanda bunsurun Inna ya taɓa kora har ya haye rumbu.

Ni da na bi Baba farauta shekara tara, na san sawun kowace dabba daga nan har Maradi, ina nan ina yi wa shanun da ke mutuwa allura. Shi ya zauna makaranta ya samo takarda. To.

Inna ta ambaci sunansa sau goma sha ɗaya kafin la'asar. Na ƙirga. Ni ɗan fari ne, ba ta taɓa cewa Lawwali ba, "kai wanga" nake tun ina goye. Na san kunya ce. Sanin bai hana ni ƙirgawa ba.

Asabar, 5 ga Janairu.

Sallah ba rago. Gidaje uku muka haɗu kan tunkiya ɗaya, ita ma ƙashi ce da fata.

Illo ya fito da ɗan littafin gidan zun mai hotuna, yana karanta wa mata a tsakar gida. Wai da can wurin gonar gwaji ce ta Turawa, sai aka kewaye ta, aka fara da kura ɗaya, birai huɗu, da wani kada da aka kamo a kududdufi. Yanzu kowa da irin mazauninsa. An tara wa birai duwatsu, jimina na da filin yashi, zaki na da kogo. Ran Lahadi iyaye kan zo da 'ya'yansu, akwai lilo da mai sayar da lemo. Dorina kuwa an haƙa mata tafki na siminti, ana sake mata ruwa duk Litinin da Alhamis.

Ana sake mata ruwa! Rijiyar unguwarmu laka guga ke ɗaukowa, matata Fadima sai ta wuni a layi kafin ta cika tulu biyu. Ban taɓa zaton zan yi wa dorina hassada ba.

Inna ta riƙe haɓa. "Ikon Allah! Illo, kai ka ba zaki abinci da hannunka?" Ya yi murmushi, bai ce a'a ba.

Litinin, 7 ga Janairu.

Illo ya sa ido kan 'Yar Gangara. Barewata ce, na tsince ta shekara biyu da suka wuce a bayan ƙauyen Gangara, tana kwance jikin gawar uwarta, na shayar da ita nonon akuya a kwalba. Yanzu haƙarƙarinta sun fito, ba sai an gaya mini ba.

"Yaya, ka ba ni ita in tahi da ita. Nan yunwa za ta kashe ta. Can akwai ɗanyen haki dud da rani."

Na ce a'a. Inna ta ce daga bakin murhu, "Kai wanga, ɗiyanka ba su ƙoshi ba, barewa za ka ciyar?"

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa na ji haushi.

Alhamis, 10 ga Janairu.

Sun tafi. Ni na ɗaure mata ido da tsohon rawanina don kada ta firgita, ni na ɗora ta a motar garin Isa.

Ban gaya masa zancen fiton ba. Tun tana shan kwalba ba ta sa baki a abinci sai na yi mata fiton da Baba ya koya mini, gajeru biyu, dogo ɗaya. Bai tambaya ba, ban faɗa ba. Ai shi ne masani.

Lahadi, 27 ga Janairu.

Shanu sha huɗu sun mutu wa Fulanin gefen Alkalawa a mako ɗaya. Har yanzu in na shigo gida sai na duba gindin aduwa, inda 'Yar Gangara ta saba kwanciya.

Juma'a, 8 ga Fabrairu.

Direban motar Isa ya kawo takarda da hoto. Ga ta tsaye a bayan waya, ga allo an kafa: "Barewa. Mazauninta dajin Gobir. Malam Illo Bawa ne ya kawo ta."

Malam kuma! Ya kawo ta. Kamar shi ya riƙa tatsar akuya tana harbinsa. Inna ta karɓe hoton, ta nuna wa duk matan unguwa, sannan ta adana shi cikin kwallarta ta aure.

A ƙasan takardar ya ce ba ta cin abinci sosai, yana jin gajiyar hanya ce. Wata guda ana gajiyar hanya?

Talata, 19 ga Fabrairu.

Wata takardar. Wannan karon babu hoto, rubutun ma ya karkace.

Ba ta ci. Ya zayyana mini inda take: daɓen siminti da ake wankewa kowace safiya, ga koriyar ciyawa, ga ruwa fal, kuma kejinta manne da na damisa, wai don yara su ga mai farauta da abin farauta wuri guda. Likitansu ya yi mata allura biyu. Ya rufe da cewa, "Yaya, mi za ni yi?"

Na yi dariya ni kaɗai har Fadima ta leƙo. Su da takardunsu duka! Dabbar da ke shaƙar warin damisa dare da rana ta ci me? A kai ta inda iska ba ta kawo warin, a ba ta yashi da inuwar ƙaya, a ba ta 'ya'yan gawo da ɗan kanwa ta lasa. Sannan fiton.

Duk na rubuta masa, tsaf. Takardar na nan cikin littafin nan. Gobe zan aika.

Asabar, 23 ga Fabrairu.

Motar ta zo ta koma sau biyu.

Inna ta tambayi abin da Illo ya ce, na ce kowa lafiya. Da ta shige ɗaki Fadima ta tsaya kaina da taɓarya a hannu. "Malam, takardag ga da kaka ɓoyo, ai na gane ta. Ba Illo kaka horo ba. Wadda ka shayar kaka horo."

Na ce ta je ta yi dakanta. Babu ma abin dakan kirki, dusa ce da 'ya'yan ƙarangiya.

Laraba, 27 ga Fabrairu.

Bari in faɗa, tunda ba mai karantawa. So nake abin ya gagare su. So nake babbansu ya ce, wa ya rene ta? A kira shi. In je ta ci a hannuna kowa na kallo, a ce ashe ga mai aikin nan an bari a ƙauye. So nake Illo ya sunkuyar da kai sau ɗaya a rayuwarsa.

Ita kuma fa, kafin nan?

Litinin, 4 ga Maris.

Direban ya same ni a kasuwa, ba takarda, saƙon baki ne. 'Yar Gangara ta kwanta tun ran Alhamis, ba ta tashi.

Na hau keke zuwa itatuwan gawon hanyar Kurawa, na tarar an riga an kakkaɓe su, mata na tsintar abin da ya saura a ƙasa. Na dawo na buɗe buhun 'ya'yan gawon da muka tara wa akuyar da ke ba yara nono, na raba biyu. Na jira Fadima ta yi magana. Ta ɗauko igiya ta ɗaure bakin buhun, ta fi ni iya ƙulli.

Kwana goma sha uku takardar nan ta yi a hannuna. Wannan ma na ƙirga.

Alhamis, 7 ga Maris. Birni.

Kwana biyu a hanya. Da na ce wa mai gadin ƙofa Illo nake nema, sai ya dube ni da buhuna ya ce, "Kai ne Lawwali? Kai, sannu da zuwa! Kullum sai ya ce da Yaya Lawwali na nan da tuni ta tashi. Har mun haddace sunan." Na ce masa yaya aiki.

Na wuce ta gaban dorinar. Gaskiya ne, ranar sake ruwa ce ma, famfo na ta zuba. Na ɗauke kai.

Illo na zaune kan bokiti a cikin kejin, ya rame, kakin ba guga. Ashe hannun da Inna ke zaton yana ba zaki nama, shebur yake riƙewa yana kwashe kashi. Ya miƙe ya ce, "Yaya."

Ita kuwa. Ba zan rubuta yadda na gan ta ba. Damisar na kai da kawowa taku huɗu daga kanta, ni kaina warin ya tayar mini da tsikar jiki.

Babban wurin ya yarda da ƙyar. Muka ɗauke ta cikin bargo zuwa can ƙarshe, bayan filin jimina, inda akwai yashi da wata bagaruwa da ba a kai ga sarewa ba. Na zuba 'ya'yan gawo a ƙasa, na kori kowa sai Illo. Na yi fiton. Shiru. Leɓena ya bushe, na sake.

Kunnenta ɗaya ya motsa. A karo na huɗu ta miƙo wuya ta ɗauki guda. Ta ci uku.

Illo ya sa hula ya rufe fuska. Ni jimina na tsaya kallo, tsuntsuwa ce mai ban mamaki.

Asabar, 9 ga Maris.

Ta tsaya da ƙafafunta jiya da yamma. Wata yarinya a kafaɗar ubanta ta ce, "Baba, ga akuya mai kwalli!"

Babban wurin ya ba ni hannu, ya ce an gode, ya ce wa Illo ya saya mini lemo. Shi ke nan. Ba wanda ya ce ashe ga mai aikin nan.

Gobe zan koma, hutun da aka ba ni ya ƙare. Da safe Illo ya ce, "Yaya, in ka tahi, wa za ya kira ta?"

Baba bai koya wa kowa fiton nan ba sai ni. Shi kaɗai ne abin da nake da shi wanda Illo ba shi da shi.

Na ce ya zauna in koya masa. Nasa ya fito kamar buta na tafasa, har masu shara suka yi dariya. Na ce ya naɗe harshe, ya rage iska, dogon ya sauko a ƙarshe kada ya hau. Muka yi ta yi har rana ta take. Gab da azahar ya yi shi daidai, ta ɗago kai, ta taho, ta wuce ni har gefenta ya goge gwiwata, ta sa baki a tafinsa.

Ya yi zafi. Ba zan ce bai yi ba.

Juma'a, 29 ga Maris. Sabon Birni.

Ba alamar hadari, kuma da saura. Akuyar ta rage nono amma tana nan.

Shekaranjiya na ji Inna ta kan danga tana gaya wa maƙwabciya, "Ai babban na ya tahi ya tashe ta." Ba ta san ina bayan rumbu ba. Hoton dai har yanzu na Illo ne a kwalla.

Takarda ta zo. 'Yar Gangara ta fara cika, tana bin sa duk inda ya yi, yara sun fi taruwa wurinta fiye da wurin birai. Ya ce mai fenti zai zo wata mai kamawa, in na yarda zai sa a goge allon a rubuta sunana.

Na amsa masa yau, na kai wa direba da hannuna. Na ce ya rage mata kanwa, kada ya bari yara su ba ta biskit, in damina ta faɗi ya ɗaga mata wuri don ba ta son laka a kofato. Na ce ya riƙa cin abinci shi ma.

Zancen allo ban ce komai ba. Wuri ne ya ƙare a takardar.