Sunan da na ci wa jikata

Rusaifa, Makka

Zuwa ga ɗana Suhaibu,

Assalamu alaikum. Yaya mai jego Kabira da jaririya? Tun da hotonta ya iso, babu wanda ban nuna wa ba a layinmu.

Ka yi alkawari cewa a gasarmu ta waya, ta zaɓen 'yan ƙwallon kwando, wanda ya fi maki ranar Laraba shi zai zaɓa mata suna. To, duba sakamako. Kai ka ƙarar da kasonka na kuɗin gasar kan shahararru biyu masu tsada. Ni na ɗauki mai araha da ke zaman benci, domin na karanta cewa na gabansa ya ji rauni. A sana'ata ta tura alhazai a keken guragu na san haka: ranar da wani ya kwanta, na bayansa ke samun aiki. Mai arahar nan minti talatin da huɗu ya buga, makina ya fi naka.

Ni lafiya lau, sai ɗan ciwon gwiwa. Takarduna ba su fito ba, don haka kada ku jira ni ranar suna.

A sa mata Hajara, sunan mahaifiyarka, Allah ya jiƙanta. Ka raɗa mata a kunne a madadina.

Mahaifinka,
Nasrullahi