Ƙwaryar da Ka Bari a Buɗe

Magariya, ranar Lahadi

Zuwa ga ƙanena Hamissou,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Salma da 'yarmu Mubaraka. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri a can Dakar. Mu nan alhamdu lillahi, sai zafi, kowa idonsa na gabas yana jiran hadari. Maigidana Ɗayyabu ya samu sauƙin ƙafa har ya koma kasuwa. 'Yata Nafissa kuwa na tura ta Dogo-Dogo wajen kakarmu, yanzu za ka ji dalili.

Na zauna na rubuto ne maimakon in kira, don na san halinka, da dariya kake kashe magana. Zancen kakarmu Gaji ne, da ƙwaryar da ka aro wajenta bayan girbi, wadda take zuba wa Doguwa, iskar borinta, madara tun kafin a haifi uwarmu. Ka ce za ka sa ta a baje kolin fasaharku, ta ba ka don kai ne ɗan lele. Ni da na taɓa ta sau ɗaya ina yarinya, ranƙwashi na sha.

Bidiyon da ka turo na kai mata a kan moto, a zatona za ta ji daɗi. Gaskiya aikin ya yi kyau, ko ni da ban san kan abin ba na gani: farin ɗaki, fararen zaruruwa sun sauko daga sama, ƙwarya a tsakiya, garaya na tashi daga lasifika, mutane na zagayawa a hankali kamar 'yan dubiya. Na fassara mata abin da ka faɗa wa 'yan jarida da Faransanci, wai mai fasaha da mai bori aikinsu ɗaya, kiran abin da ido ba ya gani. Ba ta yi dariya ba. Ta tambaya ko kullum ake sa kiɗan nan, na ce daga safe har yamma, tun watan azumi. Sai ta ce, "To, ya kira, an kuma amsa mishi. Me ya ba ta?"

Wataƙila ba ka taɓa lura ba. Ƙwaryar nan in babu madara a ciki a kife take zama, shi ya sa muka tashi muna ganinta a kife bayan gadon Gaji. Buɗe ta gayyata ce. Kai kuwa ka haɗa fari, launin da Doguwa ke so, ka saki taken Doguwa da ka ɗauko wajen makaɗan Sassumbrum, ka buɗe ƙwarya, ka bar ta wayam. A wajen Gaji, ka kira baƙuwar gidanmu zuwa ƙasar da ba ta san kowa ba, ka zaunar da ita gaban taro da yunwa.

Tun ranar ta daina shan fura da nono, kuma ka san tun da haƙoranta suka zube abincinta ke nan. Ta ce ba za ta sha ba alhali baƙuwarta na kallon busasshiyar ƙwarya. Sai ruwa da ɗan kunu, shi ma da lallashi. Likita ya duba ta, ya ce bai ga ciwo ba, yunwa ce. Ɗayyabu ya yi mata wa'azi, ta saurare shi har ya gama, ta sa masa albarka, ta ture kwanon gefe. Na sayo sabuwar ƙwarya, ta ce a ba kaji ruwa da ita. Ta rame, Hamissou, awarwaronta har gwiwar hannu yake zamewa, kuma tsoro nake ji.

Ni ba ruwana da ko Doguwa tana Dakar ko ba ta can. Sallata nake, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Na kuma san za ka ce masu gidan baje kolin ba sa bari a taɓa kaya bayan an jera, kuma buɗaɗɗiyar ƙwaryar ita ce ma'anar aikin. Ma'anar taka ce kai kaɗai, kakar kuma tamu ce duka. Ba ta ce ka dawo da ita yanzu ba. Ta ce ka kashe kiɗan, sannan ka zaɓi ɗaya: ko ka zuba madarar saniya da hannunka, ba ta gwangwani ba, ko ka kife ta. Ka ɗauki hoto ka turo wa Nafissa, tana can tare da ita.

Ka gaida Salma da kyau, ka shafa min kan Mubaraka. Ɗayyabu na gaishe ka, haka ma Kawu Mahamadou da Saliha. Kullum da safe Nafissa na dama fura ta ajiye kusa da Gaji, rufe da faifai, da yamma ta ɗauke ta yadda ta ajiye. Ina so ranar da takardar nan ta iso ka, kwanon da za ta ɗauke shi ne zai zama wayam.

Allah ya sada mu da alheri.

Yayarka,
Saratou