Kullutun Cikin Baba Ba Daji Ba Ne

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Ya jikinki, ya maigida da yara, ya mutanen Damagaram? Mu nan Jidda lafiya lau.

Yaya, albishirinki! Kullutun nan na cikin Baba ba ciwon daji ba ne.

Da ƙyar na kai shi asibiti, don ya rantse ba mai tsaga masa ciki. Likitar ta ce, "Ya Hajj, ba wuƙa, allura ce kawai." Ta kashe wurin da magani don kada ya ji zafi, ta ɗora masa na'urar hoton ciki. Da idona na ga allurar a allo tana tafiya har ta shiga kullutun, aka zuƙo kaɗan don gwaji. Baba ya ce, "Yaushe za a fara?" Ta ce, "Halas, an gama!"

Jiya sakamako ya fito. Tarin fuka ne ya sauka masa a ciki, kuma magani zai warkar da shi. Na yi ta kuka don murna.

Ki taya mu addu'a ya jure shan maganin, don na watanni ne. Ki gaida Kawu, ki ce wa Gwaggo ta koma cin abinci, yayanta na nan daram.

Ƙanwarki,
Hajara