Kurar Da Na Ɗaure A Gidan Goggo

Assalamu alaikum Anti mai shafi, da ku masu karatu, fatan an yi Sallah lafiya. Don Allah a sakaya sunana. Kuma kafin kowa ya wasa harshe a kaina, duk wanda bai taɓa kiwon yara biyar ranar Sallah ba ya dakata har in kai aya.

Shekarata goma sha shida, a Gwandu nake. Duk ranar Sallah ni ake ɗora wa yaran gidanmu in kai su yawon barka da Sallah, gida-gida, su gaida dangi da maƙwabta a cika musu leda da alewa da cincin. Bana biyar aka haɗa ni da su, har da ƙanena Sadiku mai shekara bakwai, wanda in ka ɗauke ido daga kansa na ƙiftawa ɗaya sai dai ka ji labarinsa a Kalgo. Inna tana ɗaura wa autarmu kallabi ta ce min, "Ke, biyar na ba ki, biyar za ki maido min. Ko takalmi ɗaya ya ɓace kada ki shigo gidan ga." Hannu nawa gare ni, jama'a? Biyu ne.

Damuwata titi ce. Ranar Sallah samarin garinmu kan hau babur huɗu-huɗu, suna gudu kamar an ce musu ana rabon aljanna a ƙarshen kwalta. Bara a kan idona babur ya kwashe ɗan maƙwabcinmu, ya yi wata uku da ɗori a ƙafa, kuma yayarsa da aka ba riƙonsa har yau ita ake nunawa da baki. To a tsallaken titin nan akwai gidan wata tsohuwa da muke kira Goggo. Mijinta ya rasu, ɗanta ɗaya yana aiki a Kalgo, daga ita sai awakinta. Duk shekara kwana biyu take yi tana suyar dubulan don yaran unguwa, dubulan ɗin da ko liman ya ɗanɗana sai ya manta inda ya ajiye carbi. Yara in sun hango ƙofarta ba sa ganin babur, ba sa ganin mota.

Muna gama gidajen ɓangarenmu Sadiku ya fizge hannunsa ya nufi titi, sauran suka rufa masa baya. Da wuyan riga na damƙo shi, babur ya wuce har iskarsa ta ɗaga min mayafi. Sai na tara su jikin katanga, na yi ƙasa da murya, na ce, "Ba ku ji ba? Goggo ta ɗaure kura bayan rumbunta. Kwana uku kurar ba ta ci komai ba, yaran Sallah take jira." Sadiku ya ce, "Ƙarya ce Yaya, kura a daji take." Na ce, "To ina akuyarta mai baƙin kunne? Yaushe rabonka da ganinta?" Ni na san sayar da akuyar ta yi, su ba su sani ba. Wallahi Anti, tunda aka haife su ban taɓa ganin su a natse haka ba. Suka riƙe gefen zanena kamar tela ya ɗinke su a jiki. Na mayar wa Inna yaranta biyar da takalma goma cif.

Ga abin kunyar, zan faɗa da bakina. Da na so, da na tsallaka da su bibbiyu, ko in roƙi wani babba ya tare mana hanya. Amma ƙawayena suna jirana mu ɗauki hoto kafin rana ta narkar mana da kwalliya, ita kuwa ƙarya ta fi sauri. Na yarda da wannan. Amma ku gaya min, wace uwa ce ba ta taɓa ce wa ɗanta akwai dodo a rijiya ba? Da dodon rijiya Inna ta rene mu, wa ya taɓa tuhumarta?

Abin da ban yi tunani ba shi ne bakin Sadiku. Kafin la'asar duk yaran unguwa sun ji, ranar babu yaro ɗaya da ya taka gidan Goggo. Kafin a koma Islamiyya kurar ta zama biyu. Bayan mako guda an daina maganar ɗauri, wai Goggon ce da kanta take rikiɗa. Da zazzaɓi ya kama jaririn wata mata a layinsu, sai ga manya masu furfura suna raɗa kalmar nan: mayya. Ni ce na ce haka? Ni yara biyar na tsorata a jikin katanga don kada babur ya murƙushe su. Manyan da suka karɓi zance daga bakin ɗan shekara bakwai suka zuba masa gishiri da yaji fa, su waliyyai ne?

Shekaranjiya Inna ta aike ni kai wa Goggo tuwo, don ita Inna ba ta yarda da zancen ba. Na same ta zaune a tabarma, ga robar dubulan cike a gefenta, ya bushe ƙarau. Ta ce, "'Yar nan, zo ki ɗiba. Ko ke ma tsoro kike ji?" Na ce, "A'a Goggo." Ta ce, "Iyayen ɗiyan ga ma a hannuna sunka ci dubulan. Jiya ɗiyansu sunka jefi ƙyaurena da duwatsu. Mi na yi musu?" Na cusa dubulan biyu a baki don kada in amsa. Sai ta ce ɗanta zai zo ranar Juma'a ya tafi da ita Kalgo, ya ce ba zai bar uwarsa inda ake jifanta ba. Ita kuwa ba ta son barin ɗakin da mijinta ya gina mata da hannunsa.

Jiya muna cin abinci Baba ya rantse cewa in ya gano bakin da ya fara zancen nan, ko ɗan wane ne, sai ya sa shi ya tsaya gaban mai unguwa da dattawa ya janye zancen. Sadiku ya kalle ni, na kalle shi. Yanzu yaron nan ya mayar da ni baiwarsa. Naman miyata nasa ne, ni ke wanke masa kayan makaranta, da na ɗaga masa murya sai ya fara kukan kura a hankali yana kallon ɗakin Baba.

Har yanzu ban yarda ni kaɗai ce mai laifi ba, duk mai son zagina ya haɗa da masu furfurar nan. Amma yau Laraba. In na yi magana zan sha duka da kunya a gaban unguwa, kuma ba ni da tabbacin waɗanda suka ce mayya za su janye don yarinya ta ce ita ta ƙirƙiro kurar. In na yi shiru, jibi mota za ta ɗauke tsohuwar nan daga ɗakinta. Ita zan fara durƙusa wa, ko Baba? Don Allah, me zan yi?