Ƙarfen Bai Gama Shan Gawayi Ba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Baba? Ya Inna da yara? Ni lafiya lau, tarin ma ya lafa, kada Inna ta damu.

Na ga saƙonki cewa in taho, wallahi na rasa yadda zan yi. Niƙaƙƙen garin ƙarfen da nake gwaji da shi a nan jami'a yana cikin bututu mai zafi, iskar gas na bi ta kansa. Sai ya sha sinadarin gawayin da ke cikin gas ɗin ya rikiɗe, sannan mai irin na mota ya fara fita. Jiya na ga ɗigon farko. In na kashe wutar, iska ta shiga, duk ya koma tsatsa. Malamina ya ce wani ɗalibi na jiran bututun, in ya karɓa karatuna ya tafi kenan.

Baba maƙeri ne, ya san ba a barin ƙarfe a wuta a tafi. Ki gaya masa haka. Allah ya ba shi lafiya.

Amma don Allah ki daina ce mini "da sauƙi". Yana gane ku? Ranar da ya kira sunana, kada ki ɓoye mini. Da hannuna zan kashe wutar in taho.

Ƙanwarki