Batirin da Na Zare daga Kalkuletar Mufida

Litinin, 3 ga Mayu, 2004

Yau na tafka wautar da ta fi duk na baya, kuma na baya ba kaɗan ba ne. Batirin rediyona ya mutu ana tsakiyar labarai, sai na zare guda huɗu daga kalkuletar 'yata Mufida, mai faffaɗan gilashin nan da ta zo da ita daga jami'a. Ko zama a rediyon ba su yi ba, sun yi ƙanana. Na mayar, na kunna. Wayam.

Laraba, 5 ga Mayu

Wata huɗu ke nan da rasuwarta. A cikin injin akwai shirin da ta rubuta da kanta don a riƙa buga haruffa maimakon lambobi, da layi ɗaya da ta bari ranar da za a kai ta asibiti: UMMA KI CI ABINCI. Mahaifiyarta Barira ba ta yi boko ba, amma kullum bayan sallar asuba sai ta kunna ta kalli layin, sannan ta iya karyawa. Na ce mata injin yana wajen gyara.

Asabar, 8 ga Mayu

Na hau acaɓa daga Rano zuwa Kibiya wajen Malam Ishiyaku, mai koyar da lissafi. Ya ce ƙaramin batirin ajiya na ciki ya daɗe da mutuwa, cire manyan ya share komai. "Malam Ramalan, wa ya aike ka?" Na ce jahilci, tun da na bar aji huɗu nake masa aike. Bai yi dariya ba.

Ya buɗe littafin Mufida na jami'a da na zo da shi. Shirin yana nan, shafi uku, da yaren da injin kansa yake ji: lambobi da haruffa bibbiyu-bibbiyu. Ya nuna min inda ake shigarwa. Kuskure ɗaya, in ji shi, injin ya sume, a koma farko.

Juma'a, 14 ga Mayu

Na gwada. Injin ya sume.

Lahadi, 23 ga Mayu

Sau uku ke nan. A gona nake bugawa, gindin tsamiya, kar Barira ta gani. Maƙwabta sun gama sharar gona, ni ina noman maɓallai.

Malam Ishiyaku ya biyo ni yau. Ya ce injin ba ya hutawa da tambaya: wane maɓalli aka danna? In ya samu lambarsa, shirin ya nemo harafin a jeri, ya zana a gilashi. Sai ya nuna min gefen shafi na biyu, inda Mufida ta rubuta da jan biro: "jira Baba ya ɗaga yatsa."

Na tuna. Ranar da ta ba ni in gwada, na danna R, suka fito sun fi goma. Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Baba, ba fartanya ba ce fa!" Ashe saboda ƙaton yatsana ta ƙara layukan nan.

Na ce wa Malam bari in zaga. Na daɗe.

Talata, 25 ga Mayu

Barira ta ce min, "Malam, mai gyaran nan Makka ya tafi da ita?" Yau ma kununta a kwano ya huce. Wuyanta duk ya fito.

Alhamis, 27 ga Mayu

Injin ya tashi. Ɗan ɗigo yana ƙiftawa, yana jira. Na buga UMMA KI CI ABINCI, kowane harafi guda ɗaya tak ya fito. Babu mai gane bambanci, balle Barira. Na zauna ina kallo har inuwa ta bar ni. Kalmomin dai su ne, amma hannun da ya zare batir ne ya buga su.

Na goge.

Injin yana aljihuna. Gobe bayan asuba zan miƙa wa Barira, in faɗa mata gaskiya da bakina. Tun daga gona har ƙofar gida nake neman barkwancin da zan fara da shi, ban samu ba.